Inda Ruwan Unguwarmu Zai Zuba

Na ga abubuwa iri-iri a zamana na Kontagora, da yawansu sun wuce ban ma riƙe su ba, amma abin da ya faru a shekarar da aka zo da maganar gina mana magudanar ruwa, wannan kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Unguwarmu a jikin gangare take. In damina ta kankama, duk ruwan da ya sauka a tudu ta layinmu yake bi, ya kwaso shara da ledoji ya shigo mana har tsakar gida ba sallama. Ni sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma ɗakin da nake tuya a cikinsa shi ne ya fi shan wahala. Daminar da ta gabaci wannan magana ruwa ya ci gindin bangonsa har ya tsage, sai da Malam, maigidana, ya tokare shi da itace. Duk wanda ya kalli bangon nan ya san ba zai ƙara jure wata damina ba. In ya faɗi kuwa, sana'ata ce ta faɗi, kuma da ita nake ɗauke wa Malam rabin hidimar gida.

To ana cikin haka sai ga albishir. Ƙaramar hukuma da wata ƙungiyar agaji za su gina mana magudana ta siminti tun daga tudu har ƙasan unguwa, kafin ruwa ya sauka. Amma da sharaɗi. Sai an tuntuɓi kowace ƙungiya da ke unguwar, sannan jami'ai su zo da kansu su ji daga bakin shugabanni cewa kowa ya yarda. In aka samu ƙorafi, akwai wata unguwa da ke jira a layi, aikin can zai koma. Aka kafa kwamiti, aka ba wani Alhaji mai sana'ar hatsi shugabanci, mutum mai kyauta da kowa ke ganin girmansa. Ni kuma aka ɗora mini ɓangaren mata, wai saboda bakina ba ya shiru. Ban musa ba, don gaskiya suka faɗa.

Kai, na sha yawo! Na je wurin matan Islamiyya, na je wurin matan coci ranar da suke gwajin waƙa, na je wurin masu injin niƙa. Na taka har rugar da ke bayan unguwa, inda matan Fulani suka ce su dai a yi kwalbati mai faɗi a inda shanunsu ke tsallakawa, kada saniya ta karye. Wata mata ta tsare ni da rigima wai don me kwatar za ta bi ta ƙofarta ba ta ƙofar maƙwabciyarta ba. Na ce, “Baiwar Allah, ruwan da ke shiga ɗakinki duk shekara ya taɓa neman izininki?” Aka yi dariya, ta sauko. Mata suka laƙaba mini suna Shugaba, ni kuwa har wani ɗaga kai nake yi.

Da aka gama zagaye sai aka tara kowa a filin makarantar firamare. Injiniya ya buɗe zanensa ya nuna yadda magudanar za ta bi, ya ce daga ƙarshe ruwan zai zube a wani fili da ke ƙasan unguwa, daga nan ya nemi hanyarsa zuwa rafi. Nan take Alhaji ya miƙe ya ce, “Filin nan nawa ne, kuma na bayar saboda Allah.” Wuri ya kaure da kabbara da tafi. Ni da kaina na rangaɗa guɗa. Aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, ba wanda ya bar nasa a ƙasa.

A cikin waɗanda suka ɗaga hannu har da mutanen da muke kira 'yan gangare. Manoma ne da suka gudo daga ƙauyukan wajen Kasuwan Garba saboda 'yan bindiga. Na farkonsu da suka zo, Alhaji ne ya tausaya musu ya ce su kafa ɗaki a gefen filinsa kafin Allah Ya kawo sauƙi. Daga baya 'yan'uwansu suka riƙa biyo su. Ba su da ƙungiya, ba su da shugaba, don haka ba wanda ya je musu a zagayen da muka yi, tunda ƙungiyoyi aka ce a tuntuɓa. Amma ranar taro sun zo, suka zauna can baya a ƙasa, ba su ce uffan ba. Na san matansu sosai, don su ke yi mini ɓarar gyaɗa. Sai dai kullum su ke zuwa gidana su ɗauka su dawo da ita, ni ban taɓa sauka wurinsu ba. Filin kuma babba ne a yadda ake faɗa, don haka na ɗauka ruwan ta wani gefe zai bi.

Saura 'yan kwanaki jami'ai su zo, sai wata dattijuwa daga cikinsu, wadda nake kira Inna, ta ƙi dawo mini da gyaɗata. Mace ce mai cika alkawari, ba ta taɓa yi mini haka ba. Ga masu sari suna jirana. Raina ya ɓaci, na yafa mayafi na nufi gangare ina ta shirya faɗan da zan yi mata a hanya.

Na bi turakun da ma'aikatan injiniya suka kafa da jan fenti har na kai na ƙarshe, a bakin filin, gab da wasu itatuwan dalbejiya. Ina zagaya itatuwan nan na tsaya cak. Ɗakuna ne reras, na ƙasa da na zana, wasu da kwano wasu da jinka, ga yara, ga awaki, ga shanya. Ƙaramar unguwa ce guda. Kuma ko makaho ya taka wurin zai ji yadda ƙasar ta gangara daga turken ƙarshe kai tsaye zuwa cikin ɗakunan. Duk ruwan da ke rarrabuwa a layukanmu, in aka haɗa shi a magudana ɗaya, a kansu za a juye shi.

Na iske Inna a ƙofar ɗakinta tana ɗaure tukwane a cikin zani. Wani mutum yana bisa ɗakin kusa da nata yana ɓamɓare kwano a hankali don kada ƙusoshin su lanƙwashe.

Na ce, “Inna, me nake gani haka?”

Ta ce, da Hausarta mai gauraye da harshen Kambari, “'Yata, yi haƙuri da maganar gyaɗa. Ga ta can na gama, kawo miki ne ban samu yi ba. Muna shirin tashi.”

“Tashi zuwa ina?”

“Inda muka fito mana. Ruwa zai zo nan.”

Na ce, “Kun san da haka? Kun sani kuka ɗaga hannu? Inna, da idona na ga hannunki a sama!”

Ta dube ni kamar na yi maganar yara. “To ya za mu yi? Alhaji yana zaune a gaba. Mun zo ba mu da ko tabarma, ya ba mu wuri, bai taɓa karɓar ko ƙwayar masara a hannunmu ba. Yau ya tashi a gaban jama'a ya ce ya ba da filinsa, sai mu mu ce a'a? Da wane baki? A wurinmu, wanda aka ba aron ƙasa ba ya magana a kan ƙasar.”

Na ce, “Amma ƙauyenku fa? Ba ke kika ce mini ko noma ba ya yiwuwa ba?”

Ta ce, “Allah Yana can ma.” Sai ta kama hannuna ta riƙe gam. “Don girman Allah kada ki kai maganar nan. Kada a ce mun yi wa Alhaji butulci. Ku yi kwatarku, ku ma kuna shan wahala.”

Na roƙe ta ta dakata, na ce kada kowa ya ƙara cire kwano sai na dawo. Ta ce to. Na ɗauki gyaɗata na hau tudu.

Da na gaya wa Malam, ya daɗe yana kallon bangon nan da ya tokare. Ya ce, “Ke dai kin san sharaɗin. Ƙorafi ɗaya, aiki ya tafi. Ki bari a sa hannu tukuna, daga baya a san yadda za a yi da su.”

Na ce, “Daga baya yaushe, Malam? Bayan an zuba siminti?”

Ya ce, “To ki tashi a gaban jami'ai ki kunyata Alhaji, ki ja wa unguwa asara, mu ga inda za mu sa kanmu. Su da kansu sun ce ki yi shiru.” Ba mugu ba ne Malam, tsoro ne ya kama shi, kuma irin tsoron da ya kama ni ne.

Na ga hanya ɗaya ce ta rage, a sanar da Alhaji a asirce, ya gyara abinsa da kansa ba wanda ya ji. Na tafi wurin matarsa. Hajiya ta saurare ni har ƙarshe, ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! Wallahi shi a saninsa gida biyu ne ko uku a can gefe. Rabonsa da filin nan tun kafin ciwon ƙafarsa.” Amma Alhaji yana gonarsa ta wajen Kaboji. Muka kira, muka sake kira, waya ba ta shiga. Hajiya ta ba wani direba saƙo, direban ya dawo ya ce bai same shi ba, ya shiga cikin daji wurin masu aiki. Abin da aka tabbatar mana kawai shi ne zai dawo ranar taron, daga mota sai filin makaranta.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. In na ɗora tuya sai ta ƙone ina tsaye a kanta. In na ji mata suna murna a bakin famfo, suna cewa bana kam za mu yi barci da ido biyu rufe, sai in juya in koma gida. In na kalli bangona sai zuciyata ta ce, yi shiru, ke wace ce, ai ba ke kika zana ba. In na tuna mutumin nan a bisa ɗaki yana lallaɓa ƙusa, sai in ji kamar in kurma ihu. Gabas ta yi ta haɗa hadari yana watsewa, kowa yana cewa Allah Ya sa a fara aiki da wuri.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, jami'ai suka zauna a gaba. Alhaji ya iso a makare, ya wuce kai tsaye kujerarsa ana ta gaishe shi. Na yi ƙoƙarin kutsawa wurinsa, maza sun kewaye shi, kafin in kai an buɗe taro da addu'a. Na waiga baya, 'yan gangare ƙalilan ne suka zo, kuma ban ga Inna ba.

Aka fara kiran shugabanni ɗaya bayan ɗaya. Na matasa ya ce sun amince. Na 'yan acaɓa ya ce sun amince. Liman ya amince, fasto ya amince, Arɗon Fulani ya ce tunda an sa musu kwalbati ba su da ta cewa. Kowane “mun amince” sai in ji kamar an ƙara ɗora mini dutse a ƙirji. Sai na ji an ce, “Shugabar mata.”

Na miƙe. Aka miƙo mini lasifika. Na ce, “Yallaɓai, mata suna son magudana, ba wanda ya kai mu so. Roƙo ɗaya gare ni. Kafin a rufe magana, a daure a bi hanyar ruwan nan da ƙafa, har inda zai zuba.”

Wuri ya ɗauki guna-guni. Shugaban matasa ya ce, “Haba Mama, yanzu kuma?” Wata daga bayana ta ja mini mayafi tana cewa in zauna. Na hango Malam ya sunkuyar da kai.

Babban jami'in ya ce, “Hajiya, ƙorafi ne kike da shi?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni dai a je a gani.”

Alhaji ne ya yi dariya ya ce, “A'a, ku bar ta. Ai ba nisa. Mu je in nuna muku filin da kaina.” Da ya faɗi haka sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don na san abin da zai tarar, shi kuwa bai sani ba.

Aka ɗunguma. Alhaji yana gaba yana dogara sanda, yana ba jami'ai labarin yadda ya sayi filin tun wurin yana daji. Ni ina can baya ina ta salati a zuci. Muka wuce turke bayan turke, muka kai na ƙarshe, muka zagaya dalbejiya. Sai maganar Alhaji ta yanke.

Ɗakuna da dama an riga an yaye musu rufi. Kaya a ɗaure a ƙofa. Mata suka fito suka durƙusa, yara suka maƙale a bayansu. Injiniya ya dubi zanensa, ya dubi wurin, ya ce a hoton sama da aka ba shi babu ko bukka a nan, tsohon hoto ne ashe. Ba wanda ya kula shi.

Alhaji ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Waɗannan duka su wane ne?”

Wani dattijo ya matso ya tsuguna. “Mutanenka ne, Alhaji.”

“Kuma ina za ku da kaya?”

“Za mu ba ruwa wuri.”

“Subhanallahi! Kuna zaune a taron nan na faɗi abin da na faɗa. Me ya hana ɗayanku ya zo ya ce mini, Alhaji, muna nan fa?”

Dattijon ya ce, “Kai ka ba mu, Alhaji. In ka karɓa, ai ba ka yi laifi ba.”

Na ga Alhaji ya cire hularsa ya share fuska da ita. Ya nemi wuri a kan wani turmi ya zauna. Daga baya ya ɗago ya ce da jami'in, “Yallaɓai, na janye kyautar da na yi. Ba zan kori waɗanda suka gudo wurina da ruwa ba. A nemi wata hanya, ko ta cikin ɗaya gonar tawa da ke nan kusa ce.”

Ni kuwa na zame na nufi ɗakin Inna. Babu rufi, babu ƙofa, sai duwatsun murhu. Maƙwabciyarta ta ce tun da sassafe ta bi wata motar kaya da jikokinta. Na ce, “Ba na ce ta jira ni ba?” Matar ta kau da kai ta ce, “Ta ce ta san ki, ba za ki iya yin shiru ba. Ita kuma ba za ta iya tsayawa a ce ga wadda ta kai ƙarar Alhaji ba.” Nan na zauna a dandariyar ƙasa na yi kuka, ban damu da wanda ke kallona ba.

Jami'an ba su sa hannu ba ranar. Sun ce sai an sake zane. Alhaji ya yi ta zirga-zirga yana roƙo har aka yarda ba za a kai aikin wata unguwa ba, amma damina ta riga ta shigo, sai dai a jira rani. Ruwan shekarar bai yi mana da sauƙi ba. Ɗakin tuyata ya faɗi a watan Agusta, Allah Ya sa ba kowa a ciki, na koma tuya a ƙarƙashin rumfar kwano, rabin masu sarina suka koma wani wuri. Akwai matan da suka daina amsa gaisuwata, in ruwa ya shiga gidansu sai a ce a je a gode wa Shugaba. Malam bai taɓa ce mini ga abin da kika ja mana ba, shi ya kwashe ƙasar ɗakin da hannunsa. Da rani aka zo aka gina magudanar, ta karkata ta bi gefen gonar Alhaji ta faɗa rafi. 'Yan gangare suka mayar da rufinsu, har yau suna nan.

Inna ce ba ta dawo ba. Alhaji ya aika har ƙauyensu, aka tarar ba kowa, mutane sun watse. Wani ya ce ya gan ta wajen Bangi, wani ya ce ba ita ba ce. Na tambaya har na gaji, ban samu wanda ya ba ni tabbas ba. Ban sani ba ko tana raye.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, ɗaga hannu a taro ba shi ne yarda ba. Mu mun bi ƙungiyoyi masu shugaba da suna, muka ce mun ji ta bakin kowa, alhali waɗanda abin zai fi shafa ba su da ko ɗaya, kuma kunya da godiya sun ɗaure musu baki. Wanda yake zaune a inuwar wani ba zai taɓa ce masa a'a a gaban jama'a ba, ko da gidansa ne zai tafi. Tun daga lokacin, duk shawarar da aka sa ni a ciki, ba na farawa da masu kujera. Waɗanda suka zauna a baya nake nema, in bi su har ƙofar ɗakinsu, in zauna a tabarmarsu ba tare da mai yi musu alheri yana wurin ba, in tambaye su tun magana ba ta yi nisa ba. Da an yi wa Inna haka tun farko, da ba ta koma inda ta gudo ba.